Kwanon Asuba

"Aje kwanon nan, Inna! Don girman Allah ki aje shi!"

Muryar Attahiru ce ta tsallako katanga ta same ni ina kwashe tuwon dare. Na san muryarsa in yana raha, na san ta in yana faɗa da 'yan tasha, amma wannan ba ko ɗaya ba ce. Na saki mara cikin tukunya, na zura hijabi, na fita ko takalmi ban tsaya nema ba.

A ƙofar ɗakinta na iske su. Inna Kulu, mahaifiyarsa, tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, sun kumbura har fatar tana sheƙi. Ta rungume wani tsohon kwanon sha a ƙirji, shi kuma ya durƙusa yana jan bakin kwanon, ruwa na zuba a zaninta. Ƙato da gemunsa, amma hawaye yake yi.

"Mas'uda, zaka ki gani," in ji shi. "Ɗazun nan munka dawo daga asibiti. Likita ya ce zuciyatta ta gaji, ba ta iya tura ruwa. Dut abin da tas sha ƙahwa shika sauka, in ƙahwa ta cika shi hau ƙirji, shi toshe mata numhwashi. Ya ce kurɓi-kurɓi za ta dinga sha. To diba abin da taka shirin shanyewa!"

Inna Kulu ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Ɗiyata, tambaye shi. Likitan shi ka zakuwa shi tashe ni da assalatu?"

Na dai sa hannu na taya shi, muka raba ta da kwanon. Da ta ga mun zama biyu ba ta ja da mu ba. Ta sake shi, ta goge hannu a zani, ta juya mana baya.

An ɗan kwana biyu da suka kama hayar gidan da ke jikin namu a nan Damba, ita da Attahiru, wanda ke jan motar haya tsakanin Gusau da Bungudu. Daga wani ƙauye bayan Kucheri ta zo, irin ƙauyukan da yanzu ba kowa cikinsu sai kango. Ɗakinta da nawa bango ɗaya ya raba. Ni kuwa mace ce mai son barci, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ɗinki nake yi, in na wuni a kan keke har bayan isha'i, ba abin da nake nema a duniya sai a bar ni in miƙe. To tun washegarin da suka tare, kafin ladan ya taɓa lasifika, sai na ji dum, dum, dum, har gadona na motsi. Daka take yi. Gobe haka, jibi haka. Ran da take da gero ta surfa na furar da take sayarwa, ran da babu ta zuba dusa ta yi ta kirɓa. Ga injin niƙa a bakin titi, amma ina, sai ta tashi unguwa. Maigidana Ɗayyabu dariya yake yi, wai an kawo mini maganina har gida. Ni kuwa haushi kamar in yi bindiga.

Ran da abin ya kai mini iya wuya na shiga da shirin faɗa. Ta saurare ni har na gama zuba, sannan ta dama mini fura, ta ce in zauna.

"Ke ɗiyar birni ce, ba ki san aikinga ba," ta ce. "Can gida kowace unguwa da mai tashinta. Kakata ita at ta unguwarmu, sannan uwata, sannan ni. In turmina ya yi magana, mata su hura wuta, maza su yi alwala."

"Ke kuma wa ke tashin ki, Inna? Zakara?"

"Zakara maƙaryaci ne. In hwarin wata ya yi haske sai shi kama cara tsakad dare. Gamzaki, tauraron asuba, shi ba shi ƙarya, amma hadari na ruhe shi, kuma akwai watannin da ba shi hitowa sam. Ruwa ne abin dogaro." Ta janyo kwanon nan ta nuna mini wani zane da aka yi da wuƙa a cikinsa, kusa da baki. "Ki sha zuwa nan in za ki kwanta, mararki ta tashe ki daidai assalatu. In azumi ne ki ƙara rabi, ki tashi sahur. Kakata da ƙoƙo taka aunawa, uwata ta maida awon cikin kwano."

Na yi dariya har fura ta kusa shaƙe ni. Na ce, "Haba Inna, yanzu ai zamani ya wuce nan. Kowa da wayarsa, ya saita ƙararrawa ya kwanta."

Ba ta yi dariyar ba. Ta mayar da kwanon inda yake, ta daɗe tana gyara masa zama, sannan ta ba ni labarin.

Lokacin da 'yan bindiga suka fara addabar yankinsu, da asuba suke shiga gari, sa'ad da barci ya fi nauyi. Sai mutanen ƙauyen suka yi dabara. Da jin turmin Kulu, maza su kora shanu bayan dutse, mata da yara su bi su, sai rana ta ɗaga a dawo. An sha zuwa ana iske gari wayam. Ana haka Attahiru ya je ganin gida da damina, ya ga uwarsa na fita kewaye cikin duhu, ga santsi ga macizai. Tausayi ya kama shi. Ya saya mata waya, ya saita mata ƙararrawa, ya roƙe ta ta bar wahalar shan ruwa. Ta bari. Wayar ta yi ta tashin ta har ta saki jiki. Wani dare caji ya ƙare.

"Harbi yat tashe ni, ɗiyata. Ni da nika tashin mutane. Na hito na ishe kowa na gida nai. Malam Bala, uban Attahiru, bakin garke anka harbe shi. Idris, babban ɗana, ko riga bai samu sawa ba. Ran nan har la'asar ana ginar kabari."

Na ce mata ƙaddara ce, abin da kowa ke cewa in ya rasa ta faɗa.

"Na sani," ta ce. "Amma turmina bai yi magana ba."

Daga ranar ban sake kai ƙara ba. Ba wai na daina jin haushi ba. Nakan ja filo in toshe kunne in yi tsaki, sai dai tsakin cikin filo yake tsayawa.

To wannan kwanon ne muka ƙwace. Attahiru ya kulle shi a mota, ya kwashe randa da buta daga ɗakinta, muka dubi juna kamar mun yi abin kai. Ashe wata wutar muka kunna. Tunda an hana ta abin da ke tashin ta, sai ta daina kwanciya gaba ɗaya. Ta jingina da bango a zaune, ido biyu, daga isha'i har assalatu, don kada barci ya sace ta. Ina jin tarinta ta bango. Daka kuwa ba ta fasa ba, sai dai taɓaryar ta yi mata nauyi, ta ɗan buga ta tsaya tana haki. Dakan ya yi rauni har wata asuba kiran salla ya makara. Da hantsi sai ga Malam Jatau ladan ya zo gaishe ta, yana sosa ƙeya, ya ce shi fa tun zuwanta unguwar nan da turminta yake tashi. Na so bai faɗa ba, don ƙara mata nauyi ya yi.

Kafin mako ya zagayo idanunta sun faɗa, ta fara kiran Attahiru da sunan Idris. Ya kawo mata sabuwar waya, ta ce ya fita da ita kafin ta jefa ta masai. Na ce zan riƙa buga mata bango, ta ce in barci ya yi nauyi wa ke jin bango. Attahiru ya rasa yadda zai yi. In ya ba ta kwano ruwa ya kashe ta, in ya hana rashin barci ya kashe ta, kuma duk lokacin da ta dube shi sai ya sunkuyar da kai, ya san wa ya sayi wayar farko.

Wata yamma ina shafa mata man kaɗe a ƙafa, tana lumshe ido tana buɗewa, sai ta shiga zancen ƙuruciya.

"Da muna 'yan mata, in azumi ya kama, igiya muka ɗaurawa ga yatsan ƙahwa, mu zura ta darni zuwa ɗakin ƙawa. Wadda tar riga tashi ta ja. Wata ran Jummai ta ja ni har na hwaɗo gado."

Na ɗaga kai. Sama kaɗan da gadonta akwai wata huda a bango, inda masu hayar da suka tashi suka taɓa jan wayar wuta daga gidanmu. Ta ɗayan gefen, daidai kan gadona take.

"To ga huda nan, Inna. Ni zan zama Jummai."

Ta buɗe ido ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke? Ke da kika kwana awa gawa?"

"Ina da waya, ga ta Ɗayyabu, ga hasken sola da muke caji."

"Waya dai."

"In waya ta mutu ni ban mutu ba. Kin riga kin lalata mini barci, Inna. Yanzu ko ba daka, lokacin na yi sai in ga idona a buɗe."

Ta yi dariya, ta farko tun dawowarsu daga asibiti, har tari ya sarƙe ta.

Yatsun ƙafar sun kumbura, ba wurin ɗauri, sai muka koma wuyan hannu. Na samo siririyar igiyar rama, na zura ta huda, gefe guda a hannunta, gefe guda a nawa. Ɗayyabu ya ce bai taɓa jin inda aka ɗaure mace da turke a ɗakinta ba, na ce in ya matsa shi ma zan nemo masa tasa. Daren farko ba ta yarda ba, a zaune ta kwana tana jiran ta kama ni da laifi. Waya na yin ƙara na ja igiya. Sai na ji an ja daga can, a hankali, sau biyu.

Da kaɗan-kaɗan ta fara kwanciya. Wani dare na ji minshari ta bango, wallahi sai da na tashi Ɗayyabu ya ji. Kumburin ya fara sacewa, fatar ƙafar ta yi tamoji. Ta koma cin tuwo. Attahiru ya mayar mata da buta don alwala, ya mayar mata da kwanon bisa alkawari, ta kife shi a kan akwati. Kullum asuba in ja, ta ja, ta fito ta ɗan taɓa turmi, Malam Jatau ya kira salla. Ni da nake zagin dakan nan, sai ga ni kwance ina jiran sa. Na fara sa rai za ta ga wani azumin.

Sai ranar wata Laraba Attahiru ya dawo tun la'asar, mota ba kowa. Aka ce an ga babura da yawa a dajin da ke bayan unguwa. Wa ya gani? Kowa ya ce wani ne ya gaya masa. Amma kafin magariba mutanen ƙauyukan gefe sun fara shigowa, mata da ƙunshi a ka, yara na jan awaki. Muka yi shawara kada a gaya mata. Shawarar banza, ƙofarta a buɗe take, kuma wadda ta taɓa ɗaukar irin wannan ƙunshin ba ta buƙatar a yi mata bayani.

Bayan isha'i maza suka fito bakin layi da gora da fitila za su kwana tsaro, har da Attahiru da Ɗayyabu. Na shiga ɗaura mata igiya.

"Ɗiyata, wayarki da caji?"

"Cike take, Inna."

"Ta Ɗayyabu hwa?"

"Ita ma ya bar mini ita. Kuma ga maza can waje, ba mai runtsawa yau."

"Maza na tsaro har dare shi raba, sannan kwana shi kwashe su ɗaya-ɗaya. Su waɗancan sun san haka." Ta miƙo hannu. "Ɗaure da kyau."

Na ɗaure. Na dubi akwati, kwano na nan a kife. Na yi mata sai da safe, ta ce Allah ya tashe mu lafiya, na ce amin.

Fizga ce ta tashe ni, har hannuna ya bugi bango. Waya ba ta yi ƙara ba tukuna. Kuma ba irin jan nan nata na hankali ba ne, ja ne mai tsawo wanda ba ya saki, jan mutumin da ke tafiya da igiya a hannu. Na kwance tawa da haƙori, na ɗauki fitila, na fita da gudu.

A bakin ƙofar ɗakinta na same ta, a ƙasa, rabin jikinta a waje. Rarrafowa ta yi za ta wurin turmi, igiya ta ƙare, ƙarfi ma ya ƙare. Numfashinta na ƙara kamar ruwa na tafasa a tukunya. Na haska ciki. Kwanon na gefen gado a buɗe, da danshinsa. Buta a kwance, ba ko ɗigo.

"Inna! Me kika yi? Me kika yi haka?"

"Awon sahur... nis sha," ta ce, tana tsinka maganar. "Yau ba ranar... igiya ba ce."

Na ƙwala wa Attahiru kira, na juya zan fita nemo shi. Ta kama bakin hijabina. Ban san inda ta samo ƙarfin ba.

"Turmi."

"Inna, asibiti za mu. Bari a tada mota."

"Turmi tukuna."

Na dube ta, na ga ba za ta saki ba. Na ɗauki taɓarya. Ba komai a turmin, ko dusa, kuma rabona da daka tun ina gidanmu. Na ɗaga na buga. Dum. Na sake. Dum, dum. Ina daka ina kuka ina kiran Attahiru, taɓarya na zame mini, kafaɗa na ciwo, ban tsaya ba. Can na ji ƙofar wani gida ta yi ƙara. Wani ya yi tari. Guga ya bugi bakin rijiya, jariri ya fasa kuka, lasifikar masallaci ta yi ƙarar nan da take yi in an kunna ta.

Attahiru ya faɗo gidan da gora a hannu, da shatin benci a kumatunsa. Yadda ta faɗa haka aka yi, barci ya kwashe su. Ya yar da gorar, ya ɗago ta ya jingina da ƙirjinsa, yana yi wa Ɗayyabu ihu ya ɗauko makulli ya tada mota.

"Kowa ya tashi?" ta ce.

"Kowa ya tashi, Inna."

"Idris hwa?"

Attahiru ya dube ni. Na gyaɗa masa kai.

"Ya tashi, Inna. Ya kora shanu."

"Babanku?"

"Suna bayan dutse. Dut sun wuce."

Ta saki hijabina. Fuskarta ta sake, irin yadda ban taɓa ganin ta ba.

"To alhamdu lillahi," ta ce. "Bari in ɗan kwanta."

Attahiru ya shiga laƙana mata kalmar shahada, leɓɓanta na bi. Malam Jatau ya fara kiran salla. A waje Ɗayyabu ya tada mota, tana ta ƙugi a bakin ƙofa. Kafin a gama kiran sai da na fita na ce masa ya kashe motar.

Ba wanda ya zo Damba ranar. Baburan, in ma akwai su, wata hanya suka bi. Da hantsi mutanen ƙauye suka ɗauki ƙunshinsu suka fara komawa, wasu suka tsaya aka yi sallar gawa da su. Wurin wanka ƙullin igiyar ya ƙi kwancewa, don ni na ɗaure shi da kyau kamar yadda ta ce, sai da aka sa reza. An kai ta kafin azahar.

Na yi fushi da ita, ba zan ɓoye ba. Ina zaune cikin masu gaisuwa ana ta Allah ya ji ƙanta, ina amin, raina kuwa na tafasa. Waya biyu cike da caji, ni kuma ga ni a ɗaure da ita kamar akuya, duk ba su ishe ta ba. Da yamma na leƙa gidan, na ga Attahiru ya wanke kwanon ya kife shi a bakin turmi, ya zauna a ƙasa kusa da shi. Nan fushin ya tafi, ya bar ni da abin da ya fi shi ciwo.

Washegari da asuba waya ta yi ƙara. Cikin magagi na laluba bango, na kama igiya, na ja. Sai ta biyo ni, ba nauyi, ta yi ta zuwa ta huda har bakin da aka yanke da reza ya faɗo a cinyata. Na zauna riƙe da ita cikin duhu, unguwa shiru, ina jiran Malam Jatau ya farka.